LISSAFIN YARO A HANNU YAKE FARAWA

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron iyayen yara da ƙungiya ta kira a Idu

  

An nemi mu 'yan kasuwa mu ce wani abu game da lissafin yaranmu. Mu dai ba malaman boko ba ne, iyakar karatunmu Islamiyya, sai kuma abin da kasuwa ta koya mana. Amma tunda da ƙidaya muke kwana da ita muke tashi, ba za mu rasa abin cewa ba.

Abin da ya tara mu ba ɓoyayye ba ne. Za ka ga yaro ɗan aji huɗu ko biyar, idan ka ce ya kawo maka jadawalin sau, sai ya rero shi da Turanci tun daga gidan biyu har gidan goma sha biyu, ko numfashi ba ya yi. Amma bar shi a shago ka tafi sallar Azahar, wani ya sayi kayan naira 350 ya miƙo naira 500, sai ka tarar ya tsaya yana lalube a waya, ko ya ruga cikin gida ya tambayi uwarsa, ita kuwa wadda ba ta taɓa shiga aji ba nan take za ta ce masa canji naira 150 ne. To, wannan yaro ba daƙiƙi ba ne. Abin da ya faru shi ne ya haddace sunayen lambobi, amma bai taɓa riƙe adadinsu a hannunsa ba.

Kuma ba ma ɗora laifin a kan malamai. Aji ɗaya a nan Abuja za ka samu ɗan Gbagyi da Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Tibi, dole malami ya yi magana da Turanci. Yaron da ya fito daga gidan da ba a jin Turanci kaya biyu aka ɗora masa a lokaci guda, ga sabon harshe ga lissafi. Idan ajin ya cika maƙil, malami ba shi da halin bin kowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan giɓi mu ne za mu cike shi a gida, da Hausa, da kayan da muke zubarwa kullum.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFE MU

Jama'a, mu tuna matsayinmu a wannan wuri. A 1976 Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon babban birni, a ranar 12 ga Disamba 1991 kuma gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja. Aikin gini da ciniki suka kawo mu, wasu daga Kano, wasu daga Katsina da Zariya da Sakkwato, wasu ma daga Maradi. Mun tarar da masu masaukinmu Gbagyi, muka zauna da su lafiya. Gonakinmu na gado suna can gida, an kuma rarraba su tsakanin 'yan'uwa har sun zama 'yan ƙanana. A nan yawancinmu ba mu da gonar da za mu bar wa 'ya'yanmu. Abin da za mu bar musu wanda babu mai ƙwacewa shi ne abin da ke cikin kansu.

Ga masana'antu nan a Idu muna ganinsu, ga kuma tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a watan Yuli 2016, wadda ta haɗa mu da Rigasa a Kaduna. Ku duba da kyau ku ga irin aikin da yaranmu suka fi samu a waɗannan wurare. Mafi yawa dako ne da gadi da turin kura. Sana'a ba ta da raini, halal ce, amma mai kula da sito da akawu da injiniya duk da lissafi suka hau kujerunsu. Duk yaron da ke son karatun likita ko injiniya ko akanta, in bai sami kiredit a lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO ba, ƙofa ta rufe. Faɗuwar kuwa ba a ajin ƙarshe na sakandare take farawa ba, tun daga aji biyu na firamare take ɗauko asali, ranar da aka ce masa ya ari ɗaya bai san me ya ara ba.

Ko wanda zai gaje mu a kasuwa bai tsira ba. Kun tuna farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka yi wuya, ciniki ya koma ta waya da na'urar POS. Mutum nawa ne sifiri ɗaya ya ruɗa, suka tura dubu hamsin a maimakon dubu biyar? Kalkuleta abin da ka danna take ba ka, in ba ka da ƙiyasi a kanka ba za ka san ta ba ka shirme ba.

BA BAƘON ABU BA NE A WURINMU

Kada wani ya ɗauka koyar da ƙidaya da abin hannu dabarar Turawa ce. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Kakanninmu da wuri suke ciniki, mai ƙirga ya zauna a ƙasa yana ja biyar-biyar da yatsu, yana tara su tsibi-tsibi, ashirin a ce hauya, ɗari a ce zangu. Baturen nan na Jamus mai suna Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa a 1851, ya ambaci wannan ƙidaya ta biyar-biyar a littafin tafiyarsa. Har yau idan tsoho ya ce ashirin ba ɗaya yana nufin 19, ko ashirin ba biyu yana nufin 18, ɗebewa ce ya yi a cikin sunan lambar. Iyayenmu kuma kafin a kawo naira da kobo a ranar 1 ga Janairu 1973, da fam da sule da kwabo suke aiki, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, ga sisi ga taro. Wannan ya fi lissafin naira wuya nesa ba kusa ba, amma sun iya shi da ka, domin kuɗin yana ratsa hannunsu kullum.

Malamanmu ma ba a bar su a baya ba. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Masana tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har yanzu. Saboda haka yaron da ya ce lissafi ba na Bahaushe ba ne, a ba shi labarin wannan malami.

TSINKE DA GWANGWANI

Bari mu shiga aikin. Abu na farko, a sami tsohuwar tsintsiya a wanke ta, a yayyanka tsinkayen daidai tsawon yatsa, a tanadi robar ɗaure kuɗi ko zare. Yaro ya ƙirga goma ya ɗaure, wannan dami ɗaya ke nan. Dami goma in an haɗa su sun zama babban dami, wato ɗari. Sai a jera gwangwanayen madara uku: na dama gidan ɗai-ɗai, na tsakiya gidan goma-goma, na hagu gidan ɗari-ɗari. Doka ɗaya ce tak, gidan ɗai-ɗai ba ya ɗaukar fiye da tara, da zarar sun cika goma sai a ɗaure su a kai gida na gaba.

A ce masa ya kawo 43. Zai sa dami huɗu a tsakiya, tsinke uku a dama. A ce ya ɗebe 17. Nan zai tsaya, domin tsinke uku gare shi ana neman bakwai. Kada a faɗa masa, a bar shi ya yi ta juyawa. Can zai ga babu mafita sai ya kwance dami ɗaya, sai ya zama yana da dami uku da tsinke 13. Ya cire bakwai saura shida, ya cire dami ɗaya saura biyu, amsa 26. To, wannan kwance dami shi ne aron da malami yake faɗa a allo. Mu 'yan kasuwa mun san shi da sunan fasa kuɗi, kamar yadda ake fasa naira ɗari a yi goma-goma. Yaron da ya kwance dami da hannunsa sau goma ba zai sake mantawa ba.

Da waɗannan gwangwanaye ne kuma ake gane sifiri. A ce ya kawo 35, sannan ya kawo 305. A na biyun gwangwanin tsakiya zai kasance fanko, amma ba a ɗauke shi daga wurinsa ba. Sifiri ke nan, gida ne da babu kowa a ciki amma yana tsare da gurbinsa. Bayan ya yi da hannu sai a ce ya rubuta lambar a ƙasa ko a kwali, ya faɗi sunanta da Hausa, sannan ya faɗa da Turanci yadda zai ji a aji. Wannan jeri a kiyaye shi, a fara da hannu, a bi da baki, alƙalami ya zo daga ƙarshe.

MARUFAN KWALBA DA KIRET ƊIN ƘWAI

Abu na biyu marufan kwalbar lemo da na robar ruwa, ko ƙwallon dabino da 'ya'yan tsamiya. Kiret ɗin ƙwai na kwali gurbi 30 gare shi, layi biyar kowanne da gurbi shida, daidai da gurabun darar da dattawa suke yi a gindin bishiya. A ce wa yaro ya cika layi uku, kowane layi marfi huɗu, ya ƙirga ya sami 12. Sai a juya kiret ɗin a kaikaice, ya ga yanzu layi huɗu ne kowanne uku, kuma 12 ɗin na nan ba ta canza ba. Da wannan juyi kaɗai ya gane cewa uku sau huɗu da huɗu sau uku abu ɗaya ne, an rage masa kusan rabin haddar jadawali ke nan. Idan lissafin ya fi ƙarfin kiret, kamar bakwai sau takwas, sai a jera marufan a kan tabarma.

Rabawa ma haka. A ba shi marfi 17 a ce ya raba wa mutum biyar, kowane gurbi mutum ɗaya. Zai bi su ɗai-ɗai har kowa ya sami uku, biyu su yi saura a hannunsa. Ya ga abin da ake kira saura da idonsa.

Ga manyan yara kuma akwai wasan malamin Katsina da muka ambata, ɓangaren lissafinsa kawai muke ɗauka. A rubuta 1 zuwa 9 a kan marufa tara, a zana gida tara, uku-uku, a ce su jera yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da 15. Za su yi ta gardama har wani ya gano cewa dole 5 ta zauna a tsakiya. Kafin su kai nan sun yi tarawa ta fi hamsin ba tare da an tilasta musu ba.

AWO DA CINIKI

Abu na uku na iyayenmu mata ne, don a madafa yake. A ba yarinya gwangwanin madara da mudu da yashi ko tsaba, ta fara cankar gwangwani nawa zai cika mudun, sannan ta auna ta gani. In akwai mudu biyu a gida ta gwada duka, za ta gano abin da muka sani, cewa mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, shi ya sa aka kafa kilo da lita. Ruwan leda rabin lita ne, jaka ɗaya leda 20, wato lita 10. To jarka mai lita 25 leda nawa za ta ci? Hamsin, jaka biyu da rabi. Tsohuwar hangar rataye kaya kuwa, in an ɗaura mata gwangwani biyu a gefe da gefe aka rataye ta a ƙusa, ta zama sikeli.

Tsohuwar kalanda kada a yar. Yaro ya sa yatsa a kan 3 ya gangaro, zai ga 10, 17, 24, 31, kullum ana ƙara bakwai. Igiya kuma a ƙuƙƙulla ta a shimfiɗa a tsakar gida a ce layin dogo ce, wannan baki Idu, wancan Rigasa, tsakaninsu kimanin kilomita 186. Jirgi ya ci 100, saura nawa? Kwalin ashana fanko shi ne jirgin. Telolinmu su tara mana ƙyallaye da tsohon tef ɗin awo, yara su auna su ga yadi inci 36 ne, turmin atamfa kuma yadi shida.

Sannan a buɗe musu shago. Fankon kwalaye da gwangwanaye su ne kaya, a yanka kwali a rubuta 5, 10, 20, 50, 100, 200, 500, 1000 a matsayin kuɗi. Ɗaya ya saya ɗaya ya sayar, a ba da canji. In sun ƙware sai a shigo da uwar kuɗi da riba. A ce an sari kwalin kaya naira 4,000, guda 50 ne a ciki, an biya kuɗin mota da dako naira 500, ana sayar da kowanne naira 100. Yawancin yara za su ce riba naira 1,000 ce. A bar su su ƙirga da kuɗin kwali har su ga 500 ce, domin kowane guda a kan naira 90 ya iso shago. Mun ga manya da gemunsu da suka karye saboda mantawa da wannan 500 ɗin.

ƁANGAREN ADDINI

Allah gafarta malamai, nan wurinku ne, in mun yi tuntuɓe ku gyara. Rabon gado da Allah Ya yanka a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, kaso shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Ɗalibai da yawa suna kaiwa babin gado a Risala su tsaya cik, kuma ba Larabcin ne ya kayar da su ba, lissafin ne. To ku dubi kiret ɗin lemo, kwalba 24 yake ci. Rabin 24 shi ne 12, rubu'i 6, sumuni 3, sulusi biyu 16, sulusi 8, sudusi 4. Duk shidan sun fita ba tare da an fasa ko ɗaya ba, kuma 24 na cikin asalan da malaman fara'ili suke gina mas'ala a kansu. Marfi 24 a tafin hannun yaro ya isa ya nuna masa wannan duka.

Alal misali, mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, iyayensa kuma sun riga shi. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, a ɗauki marfi takwas. Matar ta ɗauki ɗaya, sumuninta ke nan. Saura bakwai, kowane namiji biyu, macen ɗaya, sun ƙare cif. In dukiyar naira 800,000 ce, kowane marfi 100,000 ne. Yarinyar da ta yi wannan da hannunta tana 'yar shekara goma, da wuya wani ya zo ya rufe ta a rabon gadon ubanta. Hukunci dai na malamai da alƙalai ne, amma magaji ya kamata ya iya bin lissafin da ake yi a gabansa.

Zakka ma haka. Dukiyar da ta kai nisabi ta kuma shekara, ɗaya ake fitarwa cikin arba'in. A jera marfi 40 a cire ɗaya, a sake jera 40 a cire ɗaya. Daga nan yaro zai gane dalilin da ya sa kowace miliyan ɗaya take fitar da 25,000. Shi kansa al-Khwarizmi, malamin Bagadaza wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabra, babban sashe na wannan littafi a kan gado da wasiyya ya yi shi. Don haka wanda ya koya wa ɗansa lissafi da kyakkyawar niyya yana cikin hidimar addini.

MASU CEWA WASA NE

Mun san akwai mai cewa a ransa, yaro ya dawo daga makaranta maimakon ya ɗauki littafi sai a ba shi tarkace? Amsa ita ce, makarantun nan masu tsada da kuke gani a cikin gari an rubuta Montessori a ƙofarsu, sunan wata likita ce 'yar Italiya, Maria Montessori. A 1907 ta buɗe makarantarta ta farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum, don 'ya'yan leburori, kuma da duwatsun ado da sanduna take koya musu ƙidaya. A Indiya ƙungiyar Pratham ta yi suna wajen koyar da yaran da aka bari a baya ta hanyar dami da tsinke, an kuma kawo tsarin nata wasu jihohin Arewa irin su Borno da Kano. A Japan har yanzu akwai yara masu koyon lissafi da allon duwatsu da suke kira soroban. Nan kusa da mu a Sheda ta yankin Kwali akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da aka kafa a 1988, wadda cikin ayyukanta har da samar da kayan koyar da lissafi. Abin da wasu suke biya da tsada, mu muna share shi da tsintsiya kowace safiya.

Amma a yi hattara da abubuwa kaɗan. Kada a tura yaro bola neman kaya, abin da ya fito daga gidajenmu da shagunanmu ya isa. A wanke komai da sabulu a shanya. Gwangwani mai tsatsa ko mai kaifin baki a yar da shi, ko a daddake bakin. Kwalbar magani da ta fiya-fiya da tsohon batir kada su shiga cikin kayan ko kusa. Ashana mai kai a hana, tsinken tsintsiya ya wadatar. Gidan da ke da mai rarrafe ko ɗan ƙasa da shekara uku, a riƙa tattara marufa da ƙwallaye a rufe a ajiye a sama, don yana iya haɗiyewa ya shaƙe.

Sai kuma babba a cikinsu, ban da duka, ban da zagi. Yaron da aka mara saboda ya ce bakwai da takwas 14 ne, abin da ya koya shi ne tsoron lissafi. In ya ba da amsar da ba daidai ba, a ce masa ya nuna da tsinke, da kansa zai gano ya gyara. Kada kuma a zarce, minti goma sha biyar tsakanin Magariba da Isha'i ya isa, in dai za a yi shi kullum. Kuma 'ya'ya mata da maza duka, kada a ce mace ta je ta yi wanke-wanke namiji ya zauna. Kayan nan kuwa tsani ne, da zarar yaro ya iya yi da ka da kuma alƙalami sai a janye su a ba ƙaninsa.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Muna roƙon shugabanni su duba waɗannan abubuwa guda biyar.

Na ɗaya, masu shaguna da masu shayi da masu sayar da ƙwai da teloli, kowa ya ajiye buhu ɗaya yana tara marufa da gwangwanaye da kiret da ƙyallaye, a kawo ofishin ƙungiya ƙarshen wata.

Na biyu, a zaɓi rana ɗaya iyaye mata su haɗu a wanke kayan a ƙulla wa kowane gida nasa: tsinke 200, marfi 100, gwangwani uku, kiret ɗaya.

Na uku, malaman Islamiyyarmu su ba mu rabin sa'a a mako, a ajiye akwatin kaya ɗaya a makaranta, 'yan sakandarenmu su riƙa zuwa suna zama da ƙannensu.

Na huɗu, kowane uba ya gwada ɗansa a wannan mako. Ka ce ya kawo maka 52 da dami da tsinke, ya ɗebe 28. In ya kawo 24 ba tare da taimako ba, a wuce da shi gaba. In ya kasa, ko da yana aji shida ne, a koma da shi gwangwani uku ba tare da gori ba. A fara daga inda yaro yake, kada a duba ajin da yake.

Na biyar, mu riƙa halartar taron iyaye da malamai na makarantun da yaranmu suke, mu gaya wa malamai abin da muke yi a gida, mu tambaye su inda aka kai a aji, don aikinmu ya tafi tare da nasu.

In mun yarda, bayan wata uku sai mu sake zama a nan, a kawo yara su buɗe shagonsu na kwali a gabanmu, dattawa su yi sayayya su karɓi canji, kowa ya ga inda aka kwana. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, waɗannan yara kuwa amana ce da za a tambaye mu a kanta.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya buɗe musu ƙwaƙwalwa, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.